Aikin Bishara ta Hanyar Wasanni a Iloilo: Abin da Na Gani da Abin da Na Koya

Ƙasar Filifin ba wuri ba ne da ake zuwa domin a sanar da mutane sunan Yesu a karon farko. Tun a shekarar 1521 jiragen ruwan Magellan, wani matuƙi daga Turai, suka isa tsibiran da gicciye, daga 1565 kuma Sifaniyawa suka kafa mulkin da ya wuce shekara 300, har ta kai a yau kusan mutum takwas cikin goma 'yan ɗariƙar Katolika ne, ban da mabiya sauran ikilisiyoyi. Shi ya sa da 'yan'uwa a Jos suka ji cewa zan shiga wata ƙaramar tawaga ta masu horar da matasa zuwa can, tambayar da suka fi yi mini ita ce, me mutum zai je yi a ƙasar da majami'a take a kowace unguwa? Tambayar tana kan hanya, kuma amsar da nake da ita yanzu ta sha bamban da wadda na bayar kafin in tashi.

Wata ƙaramar ikilisiya ce a lardin Iloilo, a tsibirin Panay, ta gayyace mu. Daga Manila, babban birnin ƙasar, tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin sama. Mutanen yankin suna magana da harshen Hiligaynon, amma da yake ana koyar da Turanci a makarantu tun zamanin mulkin Amurka, wanda ya fara a 1898, ba mu sha wahalar fahimtar juna da manyan yara ba. Ƙananan kuwa sai da tafinta.

Ni kocin ƙwallon ƙafa ne, sai dai wanda zai yi aiki da matasan Filifin dole ya fara girmama ƙwallon kwando. Amurkawa ne suka shigo da shi ta makarantun gwamnati da ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA a farkon ƙarni na 20, ya kuma samu gindin zama fiye da yadda masu kawo shi suka zata. Ƙasar ta zo ta uku a gasar duniya ta 1954 a Brazil, ta kafa gasar ƙwararru ta PBA a 1975, wadda ita ce ta farko a nahiyar Asiya, sannan a 2023 ta karɓi baƙuncin gasar duniya tare da Japan da Indonesiya. Amma ainihin ƙarfin wasan yana cikin unguwanni. Mafi ƙanƙantar mazaɓar mulki a ƙasar ita ce barangay, akwai su sama da 42,000, kuma da wuya ka shiga ɗaya ba ka tarar da filin kwando ba, ko mai rufin kwano da daɓen siminti, ko kuma zoben ƙarfe da aka kafe a jikin bishiyar kwakwa. Yara suna wasa da silifa, wasu ma ba takalmi. A wannan fili ake taron unguwa, a nan ake bukukuwa, a nan kuma jama'a suke fakewa idan mahaukaciyar guguwa ta taso, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da guguwa kusan 20 ke kusantowa a kowace shekara. Saboda haka filin na jama'a ne, yana hannun shugaban unguwa da suke kira kapitan, kuma faston da ya gayyace mu bai bari mun taɓa ƙwallo ba sai da ya kai mu muka gaishe shi, muka faɗa masa a fili cewa mu Kirista ne, za mu koyar da wasa, za mu kuma yi maganar Littafi Mai Tsarki da addu'a.

Iloilo tana da wani abin da ya sauƙaƙa mini aiki. Tana cikin 'yan wuraren da ƙwallon ƙafa yake da tushe a ƙasar, musamman garin Barotac Nuevo wanda ya fitar da 'yan wasan ƙasa da yawa. A Iloilo aka haifi Paulino Alcántara a 1896, mutumin da ya riƙe kambun yawan cin ƙwallaye a Barcelona har sai da Messi ya wuce shi a 2014. Yaran da suka san wannan labari suna alfahari da shi, waɗanda ba su sani ba kuwa idanunsu sukan buɗe idan aka gaya musu cewa ɗan lardinsu ne.

Mun je a watan Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani kuma unguwanni suke shirya gasarsu ta hutu. Zafin can mai gumi ne, ya bambanta ƙwarai da iskar Filato, don haka da sassafe muke atisaye, mu huta da rana, mu dawo da la'asar. Tsarin bai da wuya: ɗumama jiki, koyon riƙe ƙwallo da miƙa ta, wasa tsakanin ƙananan rukunoni, sannan a zauna a inuwa a sha ruwa a yi gajeriyar magana daga Littafi Mai Tsarki. 'Yan mata sun fi karkata ga ƙwallon raga, kuma da ba don wata 'yar'uwa a tawagarmu ta dage a ware musu lokaci da fili ba, da sun ƙare a gefe suna kallo kawai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan yaran da kakanni suke riƙo. Miliyoyin 'yan Filifin suna aiki a ƙasashen waje, a Saudiyya da Dubai da Hong Kong da kan jiragen ruwa, suna aiko da kuɗin makaranta da na abinci, amma uwa takan yi shekaru ba ta ga ɗanta ba sai ta waya. Akwai wani yaro ɗan kimanin shekara goma sha biyu da yake rigan kowa zuwa, ya kuma tsaya har a gama kwashe kaya. Bai fi sauran iya wasa ba. Wata rana da yamma kakarsa ta zo ɗaukarsa, ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa kamar yadda yara suke gaida manya a can, ita kuma ta ce mini ta bakin tafinta: "Koci, ba ƙwallon ce take kawo shi ba. Yana so ne wani babba ya kira sunansa ya ce ya yi ƙoƙari." Mahaifiyarsa tana aikin gida a Riyadh, mahaifin kuma ya daɗe da barinsu. Daga ranar na gane cewa yunwar da take cikin wannan fili ta samun babba ce wanda zai zo yau, ya zo gobe, ya zo baɗi. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da baƙon ɗan gajeren lokaci ba zai iya bayarwa ba, kome yawan ƙaunarsa.

Waɗanda za su iya bayarwa suna nan tare da mu tun ranar farko. Samari da 'yan matan ikilisiyar ne, waɗanda yara suke kira manong da manang, wato yaya. Su ne suke tafinta, su suke ɗebo ruwa, su suka san wane yaro ne bai ci abinci ba ya zo, wane ne kuma ya daina zuwa makaranta. Da farko suna tsayawa a baya saboda ladabi, suna bar wa baƙi usur da magana. Shugaban tawagarmu ya juya tsarin: mu mu shirya darasi tare da su da dare, su kuma su jagoranta da safe, mu tsaya a gefe muna taimakawa. Atisayen bai yi tsaf kamar yadda koci yake so ba, amma maganar da aka yi da Hiligaynon daga bakin wanda yaran za su gani a kasuwa gobe ta fi tamu shiga. Manzo Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa shi ya shuka, Afolos ya yi ban-ruwa, amma Allah ne yake sa girma. A Iloilo na ga cewa wasu sun riga mu shuka tun da daɗewa, masu ban-ruwan ma 'yan gida ne, rabonmu bai wuce mu ƙarfafa hannuwansu ba.

Akwai wata al'ada a irin wannan aiki da nake roƙon 'yan'uwa su sake dubawa, wato a ce yara su ɗaga hannu idan sun karɓi Almasihu, a ƙirga, a rubuta a rahoto. Mutanen Filifin suna da kara da kunyar baƙo sosai, yaro ba zai so ya ba mutumin da ya zo daga nesa ya koya masa wasa kunya ba. Idan ka tambaya, duk fili zai ɗaga hannu. Faston da kansa ya roƙe mu kada mu yi haka, ya ce yawancin yaran an yi musu baftisma a cocin Katolika, iyayensu kuma sun ba mu amanarsu ne domin mun faɗi gaskiyar abin da za mu yi. Na yarda da shi ƙwarai. Mun faɗi bishara a sarari, mun bar ƙofa a buɗe ga duk mai tambaya ya samu ɗaya daga cikin yayyen, ba mu kuma haɗa kyauta da amsa kira ba. Ƙwallo ba tarko ba ce, kuma yaron da ya zo wasa kawai ya tafi yana da daraja daidai da wanda ya tsaya yin addu'a. Mu da muka ga yadda wasa ya taimaka wajen haɗa matasan Kirista da Musulmi a Jos bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 mun san cewa amanar iyaye ita ce jarin wannan aiki, kuma idan ta zube da wuya a kwashe.

Haka batun kaya. Mun kai ƙwallaye da riguna da fanfon hura iska, amma ba mu raba wa yara ɗaya-ɗaya ba, domin ba za su isa ba, kuma rabon da bai isa ba gaba yake haifarwa. An damƙa su ga ikilisiya da sanin kapitan, domin duk unguwa ta yi amfani da su.

Dole kuma a yi maganar kuɗi da gaskiya, domin baikon talakawa ne. Kuɗin tikitin mutum ɗaya daga Najeriya zai iya ɗaukar nauyin irin wannan shiri na tsawon lokaci idan aka ba 'yan gida. Ban ce tafiyar ba ta da amfani ba. Matasan ikilisiyar sun samu horon da ba su da shi, sun kuma ga cewa aikin mishan ba na Turawa ba ne kaɗai, tun da ga baƙin mutum daga Afirka yana durƙusawa tare da su. Ni ma na dawo da idon da ya fi ganin yaran unguwarmu waɗanda iyayensu suke raye amma ba sa kusa. Sai dai amfanin ya dogara ne ga sharuɗɗa: ikilisiyar gida ce za ta gayyata, ita za ta tsara abin da take bukata, kuma tawaga ta kasance ƙarama, ta mutanen da suka iya abin da za su koyar.

Da kwamitin mishan na ikilisiyarmu ya nemi shawarata bayan na dawo, na ce kada a gaggauta aika wata tawaga. Na ba da shawarar a riƙa tallafa wa yayyen nan da suke ci gaba da atisaye kowace Asabar, a biya wa masu sha'awa daga cikinsu kuɗin kwas na horarwa a ƙasarsu, mu kuma ci gaba da tattauna darussa da su ta waya. Kwamitin ya amince, kuma faston ya aiko da saƙo cewa sun ƙara rukunin ƙwallon raga na ƙananan 'yan mata, wanda ɗaya daga cikin manang ɗin take jagoranta.