Lamba shida a mashigar Mesina

Alhamis, kwana na biyu a kan ruwa.

Yau ko karin kumallo ban yi ba sai da na yi asarar Yuro 59.50. Kuɗin ma ba nawa ba ne, na ɗana ne, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Jiya da magariba muka taso daga Cibitabekiya, tashar da jiragen ruwa ke tsayawa idan za a shiga birnin Rum. Ni da Hajiya, da babban ɗanmu da ke aiki a Jamus, da matarsa, da 'yarsu mai shekara tara. Shi ya biya komai, wai mu zo mu huta. Tun ranar da muka sauka ya saka mini wani layinsa na Jamus a ramin sim na biyu, ya ce, "Baba, wannan duk inda ka shiga a Tarayyar Turai yana yi, ba a ƙara maka ko sisi." Gaskiya ya faɗa, tun 15 ga Yunin 2017 haka dokarsu take, kuma kwana ukun da muka yi a Rum na more shi son raina. Da za mu hau jirgi sai ya karɓi wayar ya danna alamar jirgin saman nan mai kashe sabis, ya ce kada in taɓa ta. Bai faɗi dalili ba, yana ta fama da jakunkuna, ni kuma ban tambaya ba.

Da asuba na farka cikin duhu, ban san gabas ba balle yamma. Na buɗe manhajar alƙibla, allurar sai juyi take kamar an ba ta ƙwaya. Na ce a raina ai rashin sabis ne ke damun ta. Na cire alamar jirgin. Kafin in gama naɗe hannun riga, sanda huɗu cif ta bayyana a saman waya, a tsakiyar teku, da wata lamba mai farawa da 901 a inda sunan kamfani ya saba fitowa. Har na ce kai, Turawa sun yi nisa. Allurar dai ba ta daina rawa ba, na yi kirdado na tayar da salla. Ina salla wayar tana ta ɗan kukanta a kan gado, ɗaya bayan ɗaya ba hutawa. Ashe bikin 'yar ƙanwar Hajiya da aka yi a Zariya ne ke sauka: bidiyon kamu, bidiyon sa lalle, bidiyon kai amarya, kowanne an turo shi a zaure uku na WhatsApp, wayata kuwa ba ta ƙin baƙo. Ina idar da lazimi ta yi tsit. Sai saƙo ɗaya cikin Jamusanci.

A wajen cin abinci na miƙa wa ɗana ya karanta mini. Ya ajiye cokali, ya shafa kai, ya ce, "Ai ba komai, Baba." Sai da ya faɗa sau uku. Duk wanda ya ce maka ba komai har sau uku, to da komai.

Bayan ya sha shayi ya warware mini. Sabis ɗin da na gani ba na Italiya ba ne, jirgin ne da kansa yake da 'yan ƙananan eriyoyinsa a kowane hawa, yana harba abin da ka aika zuwa tauraron ɗan'adam. A tasha a kashe yake, sai an yi nisa da gaɓa ake kunna shi, galibi bayan mil 12 na ruwa, wato wajen kilomita 22. Kowace ƙasa tana da lambarta a harkar wayar salula, Najeriya 621, Jamus 262, Italiya 222, ita kuwa 901 ta waɗanda ba su da ƙasa ce. Don haka dokar Turai ta rangwame ba ta hau kanta ba, farashin da suka ga dama suke yanka wa kowane megabait. Abin da ya cece mu shi ne wata dokar ta daban da ta ce idan data a waje ta cinye Yuro 50 a tsayar da ita har sai mai layi ya yarda, da harajin Jamus na kashi 19 cikin 100 ya zama 59.50. Na buga da canjin da na baro a gida, ya kama wajen naira 100,000. Na kalli Hajiya na ce ga gudummawarmu ta biyu ta bikin nan. Ta ce ai ba ita ta ce in taɓa ba.

Jikar tawa ce ta karɓi wayar ta shiga saitin WhatsApp ta hana shi sauke hoto da bidiyo da kansa. "Alhaji tsoho, ko wannan ma ba ka iya ba?" Na ce amarya, ai don ke na ƙi koya.

Alƙiblar ma ashe ba sabis take nema ba. Ƙarfen jirgin ne ke ruɗa maganaɗisun wayar, ko ana ruwan sabis haka za ta yi ta rawa. Maganin yana cikin talabijin ɗin ɗakinmu tun jiya: akwai tashar da ke nuna taswira da inda hancin jirgi ya dosa. Daga nan Makka tana kudu maso gabas, mu kuma daren jiya kudu maso gabas muke ta tafiya, ke nan da na fuskanci goshin jirgi da na dace. Mu da muka saba a Kano ka dubi gabas ka ɗan karkata arewa, sai ka ji abin banbaraƙwai. Na dai rama sallata.

Muna cikin haka aka ce a fito a ga Stromboli. Dutse ne ɗaya tilo ya tsaya a cikin ruwa kamar an kife ƙwarya, tsayinsa ya haura mita 900, hayaƙi na fita daga kansa a hankali, ga kuma fararen gidaje a gindinsa, mutane na zaune abinsu. Na ɗauki hoto biyu. Raina bai gama dawowa ba tukuna.

Daga nan ɗana ya je ya saya mana waifai na jirgin, wanda shi daban ne da sabis ɗin da ya cije ni: wayarka na nan a kan alamar jirgin sama, sai ka kunna waifai kaɗai. Na ce a saya na waya ɗaya ya ishe mu ni da Hajiya, don na ga farashin na biyu. Zan dawo kan wannan kuskuren.

Ina shiga sai ga saƙon murya daga ƙanena da na bar wa shago a Dawanau. "Yaya, motar riɗin nan ta Jigawa ta iso tun daren jiya. Mutumin ya ce idan bai ga alat kafin azahar ba zai sauke wa wani, akwai masu jira." Farkon kaka ne, kowa ido ya buɗe, na san ba barazana yake yi ba. Na buɗe manhajar banki, ta buɗe lafiya lau. Na saka lambar asusu, na saka kuɗi, na danna. Sai ta ce in shigar da lamba shidan nan ta OTP da aka tura wa layina.

Layina na gida. Wanda yake kwance a cikin wayar kamar gawa.

Waifai zai kawo maka bidiyon amarya, zai kawo maka muryar ƙanenka daga Dawanau tar kamar yana gefenka, amma ba zai kawo maka tes na banki ba, wannan sai ta sim. Ɗana ya kashe data gaba ɗaya, ya rufe layin Jamus, ya buɗe na gida shi kaɗai ko zai kama 901 ɗin nan, don karɓar tes ba ya cin wani abu. Ya ƙi. Muka kashe muka kunna, muka hau sama, muka sauko. Sabis ɗin da ya rungume ni da asuba ba tare da sallama ba, yanzu da nake neman sa ya ce bai san ni ba.

Muka je teburin da ake kai ƙorafin intanet a hawa na biyar. Wani saurayi ɗan Filifin ne a wurin, da gani ya ji irin wannan kukan ya fi sau dubu. Ya ce ba kowane kamfanin waya ne yake da yarjejeniya da sabis ɗin jirgi ba, idan babu to babu. Sai ya dubi agogo ya ce mu hau can sama nan da awa ɗaya, za mu ratsa mashigar Mesina, siririn ruwan da ya raba tsibirin Sisili da sauran Italiya, a nan wayar kowa take kama sabis ɗin tudu.

Ban taɓa jiran wata ƙasa kamar yadda na jira Sisili yau ba. Ƙarfe goma da 'yan mintuna ƙasa ta fara matsowa ta ɓangare biyu, yankin Kalabiriya na kudancin Italiya a hagu, Sisili a dama, har ka ce jirgin ba zai shige ba. Inda ya fi matsewa faɗinsa kilomita 3 ne da ɗan ɗoriya. A bakin Sisili akwai wani dogon turken ƙarfe mai ja da fari, ya fi mita 200, da can wayoyin lantarki yake riƙewa zuwa ɗaya gefen, yanzu an cire wayoyin an bar shi tsaye. Wani ƙaramin kwalekwale mai inji ya manno da jikin jirginmu, wani mutum ya kama tsanin igiya ya hau, wai shi ne ɗan gari da zai nuna wa matuƙi hanya. Ruwan wurin yana murɗawa wuri-wuri kamar ana tuƙa tuwo a ƙarƙashinsa.

A saman jirgi kuwa kasuwa ce ta ci. Ashe ba ni kaɗai ne mai jira ba. Tsofaffin Turawa, ma'aikatan kicin da suka sato minti biyar da hularsu a kai, kowa waya a kunne, ana ta magana da harsuna iri-iri. Wata mai share ɗakuna ta raɓe bayan wani ginshiƙi tana yi wa jariri wasa ta bidiyo. Ita na fi kallo, don na san wata nawa irinsu ke yi ba su je gida ba.

Layina ya yi ta lalube, ya yi ta lalube, sannan ya kama wani kamfanin Italiya, sanda biyu. Na ce Alhamdulillahi da ƙarfi har wata Baturiya ta waiwayo. Waifai ɗin jirgi ya yi nauyi a wajen saboda taron, sai ɗana ya haɗa mini data daga wayarsa, wadda yanzu ta koma kan farashin gida. Na sake tura kuɗin. Muka zuba wa waya ido mu uku, har da amarya. Minti ɗaya, biyu, shiru. Sai ga tes sun shigo a jere, guda biyar, duk na ɗazu da safe da suka maƙale a hanya. Na ɗauki na ƙarshe na saka, banki ya ce ta mutu. Na nemi sabuwa. Mun wuce bakin tashar Mesina da gunkinta mai ruwan zinare, jiragen fito masu ɗaukar motoci suna ta gilmawa ta gabanmu, ruwan ya fara buɗewa, sandata biyu ta koma ɗaya. Hannuna har rawa yake. Lambar ta shigo. Jikata ta karanto mini ita da Hausarta ta Jamus, ina dannawa ɗaya-ɗaya, ita kuma tana cewa "Alhaji tsoho yi sauri." Ya tafi.

Ban yarda ba sai da ƙanena ya turo, "Yaya, ya ga alat, ana saukewa." Lokacin sha ɗaya saura a nan, goma saura a Kano. Ɗana ya karɓi wayar ya mayar da alamar jirgin da hannunsa, ya dube ni. Na ce na ji, wannan karon har da dalili.

An ce daga can ana hango dutsen Etna ta dama. Gajimare ya rufe shi.

Da rana kuma sai yaƙin cikin gida. Waifai na waya ɗaya ma'anarsa duk wanda ya shiga ya kori ɗan'uwansa, ba sallama ba gargaɗi. Ina tsakiyar sauraron bayanin awon buhuna sai in ga abu ya tsaya, ashe Hajiya ce a bakin tagar ɗaki ta shiga ta ga sauran hotunan biki. In koma in shiga, ita kuma ta faɗo. Mun yi haka ya fi sau shida ba wanda ya ce wa wani uffan, sai da muka haɗu a wajen abincin rana ta ce, "Alhaji, kai ne ko?" Na ce ni ma tambayar da zan yi ke nan. Surukarmu ta sunkuyar da kai tana dariya. A ƙarshe aka yi sulhu: daga azahar zuwa la'asar nata, la'asar zuwa magariba nawa, bayan isha a yi ta lallaɓawa.

In ban da wannan, saurin abin ya ba ni mamaki. Na yi kiran bidiyo da shago ina ganin ƙurar riɗi na tashi, ba yankewa. Ɗana ya ce da can ba haka yake ba, jiragen suna dogara ne da taurarin da ke can nisan kusan kilomita 36,000, ka yi magana sai ka jira kafin ta isa. Waɗancan manyan fararen ƙwallayen da ke saman jirgi eriyoyinsu ne a ciki. Yanzu manyan kamfanonin sun koma Starlink, wanda taurarinsa ke yawo a wajen kilomita 550 kacal, tun da Royal Caribbean ya sanar a 2022 cewa zai saka wa jiragensa duka, sauran suka bi. Na ce ai na san shi, farin farantin nan ne da ke kan rufin wani shagon kwamfuta a layinmu, don Najeriya ce ta fara samun sa a Afirka, a Janairun 2023. Ya yi mamaki na sani. Yaran nan suna ɗauka in ka kasa saitin WhatsApp to komai ma ba ka sani ba.

Ɗazu aka zura takarda ta ƙarƙashin ƙofa cewa cikin dare a ƙara awa ɗaya, don gobe agogon Girka za mu bi, Santorini za mu tsaya. Waya mai alamar jirgi ba lallai ta gyara kanta ba, don haka na gyara da hannu, na gyara na hannuna, na saita ƙararrawar asuba. Kano za ta koma bayanmu da awa biyu, sai in tuna kada in kira shago mutane ba su fito ba. Talabijin ya nuna mun karkata gabas sosai, alƙiblar gobe tana ɗan dama da goshin jirgi, na shimfiɗa darduma tun yanzu yadda ba sai na yi lalube ba.

Yuro 59.50 ɗin nan na ce zan biya shi, ya ce Allah ya kiyaye. Na ba uwarsa ta saka masa a aljihun jaka idan za mu rabu.

Hajiya ta sallame wuturi, na ga ta miƙa hannu wajen wayarta. Bari in tura wannan kafin ta kore ni.