Godiya bayan kammala bincike kan insulin da lalacewar jijiyoyi a ɓeraye

Alhamdu lillahi, Allah ya nufa na kare kundin bincikena a gaban malamai, kuma sun amince da shi. Binciken ya duba yadda allurar insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, ke shafar lalacewar jijiyoyin saƙo a jikin ɓerayen gwaji masu ciwon sukari, kuma aiki ne da hannu ɗaya ba zai iya ɗauka ba.

Ina miƙa godiya ga malamina da ya duba aikin, wanda tun farko ya hana ni gaggawa. Shi ya koya mini cewa bayan an yi wa ɓera allurar sitireftozotosin, wadda ke kashe ƙwayoyin halittar jiki da ke samar da insulin, sukarin jininsa yakan hau cikin 'yan kwanaki, amma jijiya ba ta nuna rauni sai an yi makonni, lokacin da saƙon da ke bi ta babbar jijiyar cinya ya fara rage gudu.

Mafi girman godiyata tana ga ma'aikatan ɗakin dabbobi, waɗanda ba a cika jin sunansu a taron ilimi ba. Ɓeran da sukarinsa ya hau yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana fitsari har shimfiɗar kejinsa ta jiƙe sharkaf, yana ramewa duk da yawan cinsa, kuma su ne suke sauya shimfiɗar da cika gorunan ruwa ko da ranar hutu ce. Su ne kuma suke riƙe dabbar a natse idan za a ɗiga jini daga ƙarshen wutsiya don auna sukari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan insulin ya yi yawa sukari yakan faɗi warwas, faɗuwar kuma ita ma tana illata jijiya, ta yadda sakaci kaɗan zai iya rikita sakamakon baki ɗaya.

Na gode wa masaniyar da ta koya mini gwajin tafin ƙafa, inda ake taɓa ƙafar ɓera da siririn zare mai tauri ana jiran lokacin da zai janye ta, don a gane ko jijiyar tana jin taɓawa. Ina kuma yaba wa kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji, wanda ya tsaya kai da fata a kan rage yawan dabbobin da sassauta musu wahala, kuma a ganina yana da gaskiya.

Abin da muka gani bai saɓa wa abin da masana suka sani ba: insulin da aka fara da wuri yana kare jijiya fiye da wanda aka fara bayan ta lalace. Tun 1921, da masana Banting da Best suka yi gwajin insulin a kan karnuka a Jami'ar Toronto, dabbobi ne ke share fage, amma ɓera ba mutum ba ne. Don haka masu ciwon sukari da suka tambaye ni game da zogi ko mutuwar ƙafa, ina roƙonsu kada su sauya ma'aunin allurarsu sai da shawarar likita.

Ga iyayena da iyalina da abokan karatu da suka yi haƙuri da rashin ganina, Allah ya saka wa kowa da alheri.