Yadda Baba ya koma takawa zuwa masallaci

Wata bakwai kenan da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Da asuba ne, ya ɗauki buta zai yi alwala sai ta suɓuce daga hannunsa na dama, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Ya daɗe da hawan jini amma maganin sai ya ji ciwon kai yake sha. Hoton kai ya nuna jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, a nan na fara sanin ashe hagun ƙwaƙwalwa shi ke juya daman jiki.

Da aka sallame mu, wallahi tausayi ya kusa kwantar da shi gaba ɗaya. Umma bata bari ya ɗaga ko cokali, Yaya ya ɗauke shi cak ya kai banɗaki ya dawo da shi, 'yan dubiya kuma kowa da nasa, wannan yace iska ce ta shafe shi, wancan yace a dinga gasa ƙafar da ruwan zafi. Addu'a dai bamu taɓa dainawa ba, amma ruwan zafin nan likitar fisiyo, wato mai koyar da motsa jiki don gaɓoɓi su dawo aiki, ta hana mu, tace ɓarin da ya shanye sau da yawa baya jin zafi sosai, sai ya ƙone bai sani ba.

Ita ce ta zaunar da mu tace wata uku zuwa shida na farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin dawowa, kuma ƙafar lafiyarta ƙalau, saƙo ne daga ƙwaƙwalwa baya isowa. Ni yadda na fahimta, kamar a cikin gari ne idan an toshe lungu saboda biki, dole ka zaga ta wani, farko kana ɓata hanya, da yawan bi sai ƙafa ta saba. Toh ƙwaƙwalwa ma haka take neman sabuwar hanya, kuma maimaici ne kaɗai ke koya mata. Duk abin da muka yi masa da hannunmu mun hana ta darasi ɗaya kenan.

Ba da tafiya aka fara ba. Zama aka fara koya masa a bakin gado, don da an sake shi sai ya zube gefe guda, shi kuma yana ganin a miƙe yake. Aka sa madubi a gabansa ya dinga gyara kansa, a ajiye kofi can gefe ace ya miƙa hannu ya ɗauko. Sai tashi daga kujera da komawa, sau goma, ya huta, ya sake. Inda aka sha fama shi ne ɗora nauyi a ƙafar dama, tsoronta yake ji sai kace ba tasa ba, ranar da ya fara tsayuwa tsakanin ƙarafunan nan biyu na dafawa gumi ya jiƙa masa riga sharkaf alhali taku huɗu kawai ya yi. Tafin ƙafar kuma yana faɗuwa, yatsu na jan ƙasa, sai aka yi masa wani abin roba mai riƙe idon sawu da ake sawa cikin takalmi, da sanda mai ƙafa huɗu wadda yake riƙewa da hannun hagu, mai lafiyar.

Dan Allah duk mai jinyar irin wannan, kar a ja shi ta hannun da ya shanye don a tashe shi, kafaɗar saki take yi, ciwonta kuma yana daɗewa.

A Kano akwai sashen fisiyo a asibitin Malam Aminu Kano, da na Murtala, da na ƙashi na Dala. Amma gaskiya zuwa sau biyu a sati, ga kuɗin adaidaita ga layi, ba zai wadatar ba in ba a yi aikin gida kullum ba. Mun naɗe tabarmin tsakar gida, mun daina bashi silifas, aka sa kujera mai rami a banɗaki tunda tsuguno ya gagara, aka kafa ƙarfen dafawa a bango. Dokin ƙofar ɗakinsa ma sati biyu muka yi muna koyon tsallake shi.

Akwai kwanakin da zai juya fuska bango yace a ƙyale shi, har hawaye na gani, mutumin da ban taɓa ganin kukansa ba. Mun faɗa wa likita, tace damuwa tana yawan biyo bayan wannan ciwon kuma ita ma ana maganinta.

Hannun har yanzu da saura, baya iya damƙe carbi. Amma ranar Laraba da magariba ya taka da kansa daga zaure har masallacin unguwa, Yaya na ɓarinsa na dama bai taɓa shi ba, ya yi sallah a kan kujera a ƙarshen sahu. Umma tana leƙe ta bakin ƙofa har suka dawo.