Saƙon Godiya Bayan Kare Kundin Digirina na Biyu

Assalamu alaikum. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nufe ni da kare kundin digirina na biyu lafiya. Ina miƙa godiya ta musamman ga Farfesa mai duba aikina, wanda bai taɓa barin wata lamba ta wuce ba tare da ya tambayi daga ina ta fito ba, da kuma maƙwabcina a Rijiyar Zaki, wanda duk daren da wuta ta ɗauke kwamfuta tana tsakiyar lissafi yakan miƙo mini waya ta kan katanga daga solarsa.

Da yake 'yan uwa da dama sun kira suna taya ni murnar gano maganin ƙanjamau, ya zama wajibi in yi bayani: kundina ya shafi binciken maganin ƙanjamau, amma ban gano magani ba. Ƙwayar HIV tana ƙera sassan jikinta ne a doguwar sarƙa guda, sannan wani sinadarinta mai suna furotiyas ya yayyanka sarƙar kamar yadda almakashin tela ke yanka yadi; idan ba a yi yankan ba, sabuwar ƙwayar za ta fito ba ta nuna ba, ba ta iya kama kowa. Bayan masana sun gano siffar wannan sinadari a 1989, sai suka tsara magani mai kama da abin da yake yankawa, amma wanda ba ya yankuwa, ya shige bakinsa ya toshe. Ta haka aka samu saquinavir, wanda Amurka ta amince da shi a 1995, sannan darunavir a 2006, wanda aka ƙera domin ya riƙe sinadarin ko da ƙwayar ta sauya kama.

Nawa aikin bai wuce gwada wasu sinadarai a kwamfuta ba, in ga wanne ya fi zama daram a wannan gurbi, kuma tsakanin hakan da maganin da likita zai rubuta akwai shekarun gwaji masu yawa. Saboda haka ina roƙon duk wanda yake karɓar magani a asibiti ya ci gaba da sha a kan lokaci, domin tsallake sha ne ke ba ƙwayar cutar damar bijire wa maganin.

Ga Hajiya mahaifiyata da ba ta gajiya da addu'a, da maiɗakina da ta jure zaman dare, Allah Ya saka muku da alheri, amin.