Abin da aikin ƙidayar mai juya duwatsu yake koyarwa

Mai juya duwatsu, tsuntsun gaɓar teku da masana ke kira Arenaria interpres, ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai wuce santimita 24 ba, ƙafafunsa gajeru masu launin lemo. Da baki yake kife tsakuwa da ciyawar teku ya tsinci ƙananan ƙaguwa da ƙwari. Yana ƙyanƙyasa a can arewa mai tsananin sanyi, irin su Girinland da Saiberiya, ƙwai 4 a sheƙa, kwanci kwana 22 zuwa 24. Da sanyi ya gabato sai ya gangaro gaɓar Turai, Muritaniya, Gana, har Ostareliya.

Kuskuren farko na sabon mai ƙidaya shi ne fita lokacin da ruwan teku ya janye. A lokacin tsuntsayen sun warwatsu cikin duwatsu, bayansu mai ɗigon baƙi da ruwan ƙasa ya saje da dutsen, sai mutum ya ƙirga biyar alhali talatin ne a gabansa. Ana jira ruwa ya cika, su taru wuri ɗaya su huta. A nan ma sai an yi hattara, domin kare ɗaya ya isa ya tashe su su koma wani dutse, mai ƙidaya na gaba ya sake ƙirga su. Shi ya sa ake raba gaɓa kashi-kashi, kowa ya ƙirga nasa kashi a lokaci guda.

Zoben ƙafa mai lamba da ake sa wa tsuntsu don a gane shi ma yana da nasa darasi. Na alminiyam yana gogewa da dutse da gishiri har lambar ta ɓace, ga shi tsuntsun yakan koma gaɓa ɗaya shekara bayan shekara. Bakin ƙarfe marar tsatsa ya fi.

Idan an gan su a gaɓar Afirka a watan Yuni, ba ɓata suka yi ba. Yawanci 'yan shekara ɗaya ne, ba sa komawa arewa sai sun isa haihuwa.

Na'urorin bin sawu da aka ɗaura wa wasu a Ostareliya sun nuna tashi ɗaya na kusan kilomita 7,600 zuwa Taiwan cikin kwana 6, ba sauka. Kafin irin wannan tafiya sai tsuntsun ya tara kitse, don haka awon nauyin da aka yi a Afrilu ba a kwatanta shi da na Disamba. A 2024 hukumar IUCN mai kula da kare halittu a duniya ta sanya shi cikin jinsunan da suka kusa shiga barazana.