Tankin da na sa wa hannu

Ƙarshen watan nan zan ajiye aikin duba walda bayan shekara shida, amma tankin nan na watan Afrilu har yau yana raina.

Ranar tun bayan asuba muke tsaye. La'asar ta kusa, saura layin walda huɗu, motar da za ta kai tankin Kano tana bakin ƙofa, direba sai danna oda yake. Gwajin namu shi ne a fesa wa walda wani ruwa mai launin ja, a bar shi ya ratsa, a goge, a bi da farar hoda; in akwai tsaga sai jan ya fito a kan hodar. Oga ya zo ya tsaya a kaina. "Malam, wai jan ruwan nan sai ya kwana ne?" Na ce, "Yallaɓai, ƙarfen ya yi zafi, a bari ya huce." Duk ɗan wannan sana'a ya san in zafin ƙarfe ya haura digiri 52 na Celsius, jan ruwan bushewa yake a sama tun bai ratsa cikin tsaga ba. Tankin kuwa tun safe yake shan ranar Zariya, ko tafin hannu ba ka iya ɗora masa. Oga ya ce shi dai idonsa bai ga wata tsaga ba. Na fesa, maimakon minti 10 na ba shi kamar uku, na goge, na bi da farar hoda. Fari fat, ko ɗigon ja babu. Na sa hannu.

Bayan sati biyar tankin ya dawo yana yoyo daidai layi na uku. Tsagar ba ta kai faɗin farce ba. A gaban kowa ogan nan ya ɗaga takardar ya ce, "Sa hannun wane ne wannan?" Nawa ne, ban musa ba. Aka yanke mini albashi, shi kuwa ko kallon banza ba a yi masa ba. Abin da ya fi ci mini rai, babu wanda ya tambayi awa nawa na yi a rana, ko wa ya tsaya a kaina.

Daga baya na karanta labarin jirgin DC-10 da ya faɗi a Sioux City ta Amurka a 1989, mutum sama da 100 suka rasu. Tsaga ce a faifan injin ta kuɓuce wa masu dubawa, da gwaji ɗan'uwan namu. Masu binciken can sun ɗora alhakin a kan tsarin da bai yi la'akari da iyakar ɗan Adam ba. Mu a nan mutum ɗaya ake nema a rataya wa.

Ga ku da kuka rage: idon da ya gaji abin da yake so shi yake gani, don haka layin ƙarshe a kira wani ya sake dubawa. Gwajin ido na shekara kada a maishe shi cike takarda. A rubuta zafin ƙarfe da lokaci a kowane rahoto, a kuma riƙe kwafi a gida, domin ogan yana nan bai tafi ba.

Ma'aunin zafin da na saya da kuɗina a Sabon Gari yana durowar ƙasa, na bar wa wanda zai gaje ni.