Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Maƙabartar Zangonmu a Obuasi

Jama'a, assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda mahaifiyata ta gaji da zaman banzan da nake yi a tashar mota, ta kama hannuna ta damƙa ni ga yayanta, wanda shi ke shugabantar masu haƙa kabari a Zangonmu na Obuasi, garin haƙar zinariya a Ghana. To, yau daga nan za mu ɗora.

Shekarar 1983 ce, kuma duk wanda ya yi wayo a Ghana a lokacin ba sai an ba shi labari ba. Ruwan sama ya ɗauke, wutar daji ta lashe gonakin koko da na rogo, ga 'yan ƙasa wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya sun dawo ana raba ɗan abin da ya rage da su. Dokunu ma, tuwon nan na ƙullun masara, sai an yi layi, wani lokaci ɗanyensa ake saye a je gida a dafa. Wutar nan ba ta bar maƙabartarmu ba. Ta cinye ciyawar nan mai wari da mutanen Ghana ke kira Acampong, wadda ta lulluɓe tsohon ɓangaren har ta fi mutum tsayi. Da toka ta kwanta sai ga tudun kaburbura sun bayyana jere-jere, waɗansu sun lotsa, waɗansu ruwa ya zaizaye gefensu. Aikina na farko ke nan: ɗaukar ƙasa a kwano ina cike inda ya rufta.

Kawu ba mai yawan magana ba ne a gida, amma in ya shiga tsakanin kaburbura bakinsa ba ya rufuwa. Babu suna a kan ko ɗaya, sai dai dutse a wajen kai ko guntun ƙarfe da wani ya kafa. Duk da haka sai ya nuna da ƙotar shebur ya ce, "Ka ga layin can na gindin tudu? Fatake ne. Su suka buɗe wurin nan."

Fataken da yake nufi su ne kakanninmu 'yan cinikin goro. Da can Salaga ce matattararsu a ƙasar Gwanja, sai yaƙin basasa ya tarwatsa ta a 1892, kowa ya kama gabansa, wasu Kete-Karaci, wasu Accra, wasu daga baya Kumasi. A daidai wannan tsakanin ne wasu 'yan kasuwar Cape Coast, Joseph Ellis da Joseph Biney, suka sami izinin haƙar zinariya a ƙasar Adansi, sannan suka miƙa wa wani Bature ɗan Ingila mai suna Edwin Cade, aka kafa kamfanin Ashanti Goldfields a 1897. Layin dogo da ya taso daga Sekondi ya ratsa Obuasi kafin ya isa Kumasi a 1903. Inda duk ake biyan albashi kuwa, Bahaushe zai je da farantin nama da askarsa da allonsa. Kakan mahaifiyata mahauci ne. Kawu ya ce bai taɓa leƙa ramin zinariya ba har ya koma ga Allah, kuma yawancin Hausawan farko haka suke: fawa, wanzanci, ɗinki, gadi, malanta.

Wannan ne abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Mutane suna cewa "maƙabartar Hausawa", alhali in za a bi gaskiya, Hausawa ba su kai rabin waɗanda ke kwance a tsohon ɓangaren ba, in ji Kawu. Mafi yawa samarin da suka gangaro daga arewa ne, Mosawa da Farafara da Dagati da Gurunsawa da Busanga, da Zabarmawa daga hayin Kwara. Su ne masu shiga ƙarƙashin ƙasa, su fasa dutse, su loda, su tura. Da yawa sun zo ba mata ba 'ya'ya, niyyarsu su yi rani biyu ko uku su tara kuɗin sadaki da na keke su koma. Akawu ba ya wahalar da kansa da sunan uban mutum, sai ya rubuta Musa Moshi ko Ali Gurunshi ya haɗa masa da lamba. In dutse ya rufto, ko tarin nan na masu shaƙar ƙurar rami ya ci ƙarfin mutum, wa zai kai gawarsa Bolga ko Wagadugu a zamanin da tafiyar ke cin makonni? Sai maigidan da ya sauke shi a Zango ya je ya gaya wa Sarkin Zango da Liman, a haɗa kuɗin likkafani, a yi masa wanka, a sallace shi.

Asantawa kuwa ba su cika barin nasu a garin aiki ba. Ko shekara nawa mutum ya yi a Obuasi, in ya mutu danginsa na wajen uwa za su zo su ɗauke shi zuwa garinsu, a yi makoki da jajayen kaya da baƙaƙe da kiɗa. Shi ya sa maƙabartar garin ma'adinai baƙi ne ke cika ta.

Akwai wani fili a tsakiya da kaburburansa suka matse da juna, ba su bi layi ba. Na tambayi Kawu dalili, ya ce, "Na shekarar mura ne, ɗana. 1918. Tsofaffi sun ce masu haƙar ma kwanciya suka yi, wanda ya iya tsayuwa shi ke ɗaukar diga." Bai yarda mu taka ta wurin da takalmi ba.

Can gefen gabas kuma akwai waɗanda yake kira marayu. Ba yara ba ne, manya ne da suka bar zuriya, amma zuriyar ta tafi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin wancan lokaci ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Yarbawa da Zabarmawa da Hausawa suka sayar da abin da ya sayu a wulaƙance suka hau motoci, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Gidaje sukutum suka watse daga Zango. Tun daga ranar babu mai zuwa ziyarar waɗannan kaburbura ko da jajibirin Sallah ne, sai Kawu da ke tsayawa ya karanta musu Ƙulhuwallahu in zai wuce. Na san a yau akwai jikokinsu a Kano da Ilori da Dosso da ba su taɓa jin sunan Obuasi ba.

Aikin kansa ba wasa ba ne. Ƙasar Obuasi ja ce mai danƙo, da damina ta manne wa diga, da rani ta ƙeƙashe. Sai an haƙa babban rami, sannan a fitar da ƙaramin na ciki daidai faɗin kafaɗa, a jera itace a kai, a toshe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Saboda yawan ruwan kurmi, itacen da ba shi da ƙwari ba ya shekara, don haka Kawu da kansa yake zaɓa. Ba a biyanmu, sai abin da masu gawa suka ba da na sadaka, a shekarar kuwa sau da yawa garin rogo ne a ƙullin leda.

Na taɓa ce masa, "Kawu, me zai hana a rubuta sunayen nan a littafi?" Ya dube ni ya ce ai shi ya sa uwata ta kawo ni, tunda na yi boko har aji shida. Washegari ya sayo mini littafi mai bangon ja da biro, muka fara daga layin fatake, yana faɗa ina rubutawa, in ya manta suna ya ce in sa "wani Bamoshe, mai tsaga uku".

Muna cikin wannan aikin ne wata safiya muka tarar da sabon rami a bayan marayu, mai zurfi, kuma ba mu muka haƙa shi ba. Ga buhu da kwanon wanke ƙasa an yar a gefe. Masu galamse ne, wato masu haƙar zinariya ba da izini ba, suka shigo da dare. Abin da Kawu ya yi da ya gane cewa akwai ɗan Zangonmu a cikinsu, kuma abokina ne, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.